Kada Ka Sayar Kafin Mu Zo

Abuja, ƙarshen Fabrairu

Yaya Rufa'i,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Khairiyya da yara. Yaya Inna da idon nata? Salima tana gaishe ku. Mu nan duk lafiya lau, sai ƙaramin ne ya yi zazzaɓi, ya kuma warware.

Na rubuto da hannu na ba Garba direba ne don maganar ba ta waya ba ce. Wayata ta ofis ce, kuma a nan kowa kunne gare shi. In za ka ba ni amsa, ka ba shi shi ma, yana zuwa Jega ɗaukar kaya a kai a kai.

Albishirinka. An naɗa ni babban darakta na Gidauniyar Tushen Arziki. Alhaji Bature ne ya kafa ta, wanda ka sha jin sunansa a harkar kwangilar hanyoyi, shi da wasu abokansa masu hali suke zuba kuɗi. Ba ta siyasa ba ce, ta taimakon manoma ce. Gaskiya ne ɗansa yana neman jam'iyyarsu ta tsayar da shi takarar majalisa, amma wannan daban, wancan daban.

Aikinmu na farko a gida za a yi shi. Na tsaya kai da fata sai da aka yarda cewa ɗakin ajiyar albasa na zamani a Aliero za a gina shi. Alhaji da kansa zai zo.

Abin da nake so da kai: kada ka sayar da ko buhu ɗaya kafin mu zo. Ka gaya wa mutanen ƙungiyarku su ma su riƙe tasu. Kai ne shugabansu, suna jin maganarka. Ina so Alhaji ya ga albasa tuli da idonsa, ya san abin da Aliero take. Ba za ku yi nadama ba.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata ɗanta ya zama mutum.

Ƙanenka,
Waliyyu

Aliero, tsakiyar Maris

Waliyyu,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, mun yi murna ƙwarai. Na karanta wa Inna har sau uku. Ta yi kuka, ta sa Khairiyya ta dama fura aka raba wa maƙwabta. Idon nata yana nan jiya i yau, na dama ya rufe gaba ɗaya, na hagu kuma sai ta ce kamar tana kallo ta cikin hayaƙi. Amma cin abinci da ɗumi ba abin da ya ragu.

Bana Allah ya ba mu. Fadamar da Baba ya bar mana ta yi abin da ban taɓa gani ba, kowace albasa sai ta cika tafin hannu. Mun gama cira, mun shanya, ta bushe yadda ake so.

Na tara mutane bayan la'asar a gindin bishiyar bedi ta masallaci, na gaya musu maganarka. Wasu sun yi gardama. Na ce musu, wanga yaro ni na goya shi, ni na riƙa kai shi makaranta a bayan keke, in zai yaudari duniya ba da ni zai fara ba. Daga ƙarshe kusan kowa ya yarda. Har Gudiya, matar marigayi Mamman, wadda ke noma gonar marayunta, ta zo ƙofar gida ta ce, "Malam Rufa'i, ɗillali ya taya mani tun jiya. In saki ko in riƙe?" Na ce ta riƙe.

'Yan kudu sun zo da tirelolinsu kamar kullum, sun kwana suna zarya. Da suka ga mun ƙi, suka wuce Maiyama suka cika. Ɗayansu ya ce mani, "Malam, za ka neme ni." Na yi masa dariya.

Ban sayi kara da itacen yin rudun ajiyar albasa ba bana, sauran ma haka. Me za mu yi da rudun kara alhali ɗakin siminti yana tafe? Mun dai jera ta a inuwa, mun rufe da ganye, muna jiran ku. Ka gaya mani ranar da magina za su fara, in sa a share musu wuri.

Allah ya ƙara ɗaukaka.

Yayanka,
Rufa'i

Aliero, ƙarshen Afrilu

Waliyyu,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai zafi, da Inna da ke tambayarka kullum.

Garba ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, ba amsa. Na kira wayarka, wata yarinya ta ɗauka ta ce kana cikin taro. Na san aiki ya yi maka yawa, ba ƙorafi nake ba.

Amma iska ta juya. Shekaranjiya hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba, sai dai kowa ya fito ya tsaya yana kallon sama. Albasa ta fara laushi a ƙasan tuli, muna tsince ta muna zubarwa. Mutane sun fara gaishe ni wata irin gaisuwa.

Na hau mashin na je ofishinku na Jega. Na tarar da wata ma'aikaciyarku, Priscilla, ita kaɗai, tana fifita da kwali don an yanke musu wuta. Mutuniyar kirki ce, ta ba ni ruwa. Na tambaye ta maganar gini. Ta dube ni ta ce, "Baba, wane gini?" Ta ce ita abin da aka aiko mata kawai shi ne huluna da riguna masu hoton ɗan Alhaji, ga su nan cikin kwalaye har rufi. Ta ce ita kanta tun da aka ɗauke ta ba ta ga albashi cikakke ba.

Na ce a raina, ƙaramar ma'aikaciya ce, ba komai ake gaya mata ba. Ban faɗa wa kowa abin da na gani ba.

Waliyyu, in ginin zai ja lokaci, ka gaya mani yanzu, tun da sauran dama. In kuwa gidauniyar ce za ta saye albasar ta kwashe, kamar yadda wasu ke cewa, to a turo motoci. Layi biyu kawai nake so daga gare ka.

Yayanka,
Rufa'i

Abuja, farkon Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri, ban zauna ba. Ranar Asabar mai zuwa muna tafe, Alhaji da manyan baƙi da 'yan jarida.

A fito da albasa duka zuwa filin bakin hanya tun ranar Juma'a, a tula ta wuri ɗaya, a zazzage daga buhu don ta fi kyan gani. Priscilla za ta kawo huluna, kowa ya sa.

A kawo Inna a zaunar da ita a layin gaba. Kada a sa mata leshin da na aiko da salla. Ta zo da zanenta na gida.

Kada ka ƙara zuwa ofis kana yi wa ma'aikata tambayoyi. Ba ya yi mani kyau.

Waliyyu

Aliero, tsakiyar Mayu

Waliyyu,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Muna raye.

Kai ka ga farkon ranar, bari in gaya maka ƙarshenta, tun da ba ka tsaya ba.

Mun yi yadda ka ce. Da amalanke da jakuna da mashin muka kwashe albasa daga inuwa muka kai fili. Ta yini ta kwana, ta sake yini a rana tana jiran ku. Kun ce hantsi, kuka iso bayan la'asar. Inna tana zaune a kujerar roba tun safe, ta ƙi tashi ko ruwa ta sha, wai kada ka zo ba ta nan.

Alhaji ya fito daga mota, ya ɗauki albasa ɗaya ya ɗaga sama, aka ɗauki hoto. Ya ɗora bulo ɗaya a kan siminti, aka ɗauki hoto. Ɗansa ya yi magana a kan zaɓen fid da gwani ya fi yadda ya yi a kan albasa. Duk wannan ban damu ba, na ce haka manya suke.

Sai kai ka karɓi lasifika. Ka zo ka dafa kafaɗar Inna, ka ce, "Ku dubi wannan baiwar Allah. Tsohuwa ce da gidauniyarmu ta gano a ƙauye, ba ta da mai taimaka mata. Saboda irinta muke wannan aiki." Mutanen gari suka yi tsit. Baƙi suka tafa.

Ta ji muryarka, Waliyyu. Idonta ne ya mutu, ba kunnenta ba. Da kuka tashi za ku wuce Maiyama wani taron, ta riƙo hannuna ta ce, "Waliyyu na ya yi magana?" Na ce shi ne. Ta ce, "Mi ya ce ni ta?" Na ce hayaniya ta hana ni ji. Ta ce, "Ni na jiya." 

Na bi motarka da gudu ina ƙwanƙwasa gilashi, ina tambaya ina motocin da za su kwashe kaya. Ka ɗaga mani hannu kamar yadda ka ɗaga wa kowa.

Kafin magariba ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwan farko mai iska. Albasar gari guda tana zube a fili, ba buhu, ba rumfa. Maza da mata da yara muka yi ta kwasa cikin laka, wasu da zannuwansu suke rufewa. Gudiya ta kwanta a kan tulinta da jikinta, sai da aka janye ta. Ba a ma san wacce ce ta wane ba, duk ta haɗe.

Yau in ka biyo hanyar Jega, tun daga nesa za ka toshe hanci. Na nemi ɗan kudun nan a waya, ya ce ko kyauta ba ya so.

Ka ce ba za mu yi nadama ba. Na tabbata akwai abin da kuka tanada. Ka gaya mani mene ne, in sami abin faɗa wa mutane.

Rufa'i

Abuja, ƙarshen Mayu

Yaya Rufa'i,

Na samu wasiƙarka, kuma na yi baƙin ciki da abin da ruwa ya yi. Allah ya mayar da alheri. Ina fata Inna tana lafiya.

Amma ina so ka ɗauko wasiƙata ta farko ka sake karantawa a natse. Na ce za a gina ɗakin ajiya. Ban ce bana ba. Na ce kada ka sayar kafin mu zo. Mun zo. Ban taɓa cewa gidauniya za ta sayi albasar kowa ba, ba 'yan kasuwa ba ne mu. Ban kuma ce kada ku yi rudu ba. Kai da ka tsufa a noman albasa, ni zan koya maka cewa ana yin rudu kafin damina? Ka karanta abin da kake so ka gani, ba abin da na rubuta ba. Ruwa kuwa ba ni na saukar da shi ba.

Maganar Inna, ban zaci kai ma za ka kasa ganewa ba. In na ce uwata ce a gaban 'yan jarida, washegari za a rubuta cewa darakta yana raba kayan gidauniya ga danginsa. Na kare ta ne, na kare ku. Ka yi mata bayani.

Taron ya yi kyau ƙwarai a wajen Alhaji. Hotunan sun zagaya ko'ina, kuma ɗansa ya samu tikitin. Wannan nasara ce ga Aliero, nan gaba za ku gani.

Ga ɗan abin da ya samu cikin ambulan, a saya wa yara wani abu. Kada ka nuna wa mutane, kowa zai ce a ba shi.

Ƙanenka,
Waliyyu

Aliero, ƙarshen Yuni

Waliyyu,

Muna gaishe ku. Khairiyya ba ta jin daɗi, ƙafafunta sun kumbura. Inna ta rage cin abinci. Ambulan ɗinka na mayar wa Garba yadda ya zo.

Na sake karanta wasiƙar. Gaskiyarka, ba ka ce bana ba.

Ranar kasuwar Jega na je neman iri. Sai ga motar 'yan ɗaya jam'iyyar da lasifika a kai, wani yaro mai baki yana karanta jarida yana fassarawa. Ban kula ba sai da na ji sunanka, da sunan Baba a bayansa. Ya ce albashinka naira miliyan biyar ne duk wata, ban da gida da motoci da kuɗin tafiye-tafiye. Ya ce abin da Alhaji da abokansa suka zuba, mafi yawansa a kanku ku uku na sama ya ƙare, ragowar kuma a kan mawaƙa da rediyo da huluna. Ya ce abin da ya iso ƙasar Aliero bulo ɗaya ne. Kasuwa ta kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ja mashin ɗina, amma an riga an gan ni.

Ban ce kada ka ci albashinka ba. Ka yi karatu, ni ban yi nisa ba. Abin da ya dame ni shi ne yanzu ba mai yarda cewa ban samu kaso ba. Suna cewa ni da kai muka shirya, aka biya ni in tara wa Alhaji albasar hoto. Washegari na buɗe ƙofa na tarar an juye mani ruɓaɓɓiyar albasa har bakin zaure. A masallaci in na tsaya a sahu, na kusa da ni sai ya matsa. Yarana sun daina zuwa makarantar allo saboda waƙar da ake yi musu.

Gudiya ba ta zage ni ba. Ta zo da 'ya'yanta ta tsayar da su a ƙofar gidana, ta ce, "Ga su nan. Kai ka ce in riƙe." Ta juya ta tafi ta bar su. Sun ci tuwon dare a gidana, sannan na mayar da su.

Dattawa sun zauna a gidan mai unguwa. An sauke ni daga shugabancin ƙungiya, wannan bai dame ni ba. An ce in rage wa mutane asara gwargwadon iko. Ba ni da komai sai fadamar Baba. Na yanke shawarar sayar da ita, in fara da Gudiya da masu ƙaramin ƙarfi. Tun da ba a raba gado ba, ina neman yardarka.

Abu na biyu, kuma ya fi na farko. Ka zo, ko ka aiko da murya a rediyo, ka ce Rufa'i bai karɓi ko sisi ba. Magana ɗaya ce. Ba za ta rage maka komai ba.

Yayanka,
Rufa'i

Abuja, tsakiyar Yuli

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba Khairiyya lafiya.

Ban yi tsammanin za ka tsaya a kasuwa kana sauraron 'yan adawa ba. Abin da ake biya na, kwamiti ne ya yanke, kuma haka ake biyan duk mai irin muƙamina. Kana ganin da sauƙi ake zama da mutum irin Alhaji? Ya kira ka a kowane lokaci, ya zage ka a gaban direbansa, ka ce na gode. Kuɗinsa ne, ba na gwamnati ba, ba na manoma ba. In ya ga dama ya ƙona su. Ba wanda aka ɗauki nasa.

Maganar rediyo ba za ta yiwu ba. Lauyanmu ya hana kowa yin magana. Kuma gara ka ji daga bakina: gidauniya za ta fitar da sanarwa cikin makon nan, cewa shirya kayan taro da kula da su an bar shi ne a hannun shugaban ƙungiyar manoma na wurin. Dole aka sa suna. Ba ni na rubuta ba, hannu kawai na sa. Abin zai wuce, mutane suna da mantuwa. Ita ma Priscilla an sallame ta, don ana zargin ita ta yi surutu.

Fadama kuma, ka sayar da rabinka in kana so. Nawa rabin na riga na ba gidauniya kyauta tun watan jiya, a nan za a yi ginin in lokaci ya yi. Jaridu sun yaba ƙwarai, ya kuma rufe bakin masu cewa ci kawai nake yi. Masu awo za su zo su kafa duwatsu. Na zaɓi ɓangaren rijiya, don gini yana son ruwa. Kada ka tsaya musu a hanya.

Na canja lamba saboda masu zagi. Zan bi Alhaji ƙasar waje, za mu ɗan jima. In da wani abu, Garba yana nan, ya san yadda zai same ni.

Ka daure, Yaya. Kai ka koya mani haƙuri.

Waliyyu

Abuja, farkon Oktoba

Yaya Rufa'i,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali, da Inna. Shiru ya yi yawa. Garba ya ce ka bar Aliero ka koma Maiyama wajen surukanka, da ƙyar ya gano gidan. Me ya sa ba ka gaya mani ba? Na san ka yi fushi, amma jini ɗaya muke.

Ina da labari mai daɗi. Alhaji ya gamsu da yadda na riƙe gidauniya lokacin hayaniyar nan, an sabunta mani kwantiragi, an kuma ƙara mani. Yanzu da babban zaɓe ya matso, za mu fara sabon shiri: aikin ido kyauta ga tsofaffi. Likitoci za su zo daga waje.

Ina so Inna ta zama ta farko. Wannan karon zan tsaya a gaban kowa in ce uwata ce. Masu ba mu shawara sun ce hakan zai wanke sunana, mutane su ga ni ma ɗan talakawa ne. Ka ga kowa ya amfana: ita ta samu ido, ni na samu sauƙi, kai ma in ka tsaya a gefenmu a hoto, mutanen Aliero za su san mun shirya.

Zan turo mota. A sa mata leshin nan. Ka gaya mata in an buɗe bandeji, ni za ta fara gani.

Ƙanenka,
Waliyyu

Maiyama, Oktoba

Waliyyu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Khairiyya ta samu sauƙi. Ina aikin ƙodago a gonar yayanta, gero ya yi kyau bana, ana ba mu abin da za mu ci.

Kada ka turo mota. Inna ta rasu tun cikin Agusta.

Bari in ba ka labari bi da bi, don na san kana son a rubuta komai a fili, kada a ce an karanta abin da ba a rubuta ba.

Sanarwarku ta fito a rediyo da safe, muna karyawa. Sunana cikakke, har da unguwa. Inna tana zaune a tabarma da kokon kunu a hannu. Ta ajiye shi, ba ta ƙara ɗauka ba. Bayan kwana kaɗan masu awo suka zo suka kafa duwatsunku. Rabin da ba rijiya ba wanda ya taya shi da daraja, na sayar a yadda aka ba ni. Na ba Gudiya, na ba mutum biyar bayanta, kuɗin suka ƙare. Sauran sun ce in bar gari kafin su daina jin kunyar furfurar Inna. Muka ɗora kaya a motar itace muka taho.

Ɗakin da aka ara mana a nan na ajiyar buhuna ne, yana yoyo. A ciki ta kwanta. Ba wata cuta da malamin asibiti ya gano, ya ce tsufa ne da rashin ci.

Na zaci za ta tsine maka. Na jira, har ina so. Ba ta yi ba. Kullum sai ta ce, "Yaro na, sun ruɗe shi da kuɗɗi. Ku bar shi, za ya dawo." In ta ji ƙarar mota a hanya sai ta ɗaga kai. Ni da na ɗauke ta a baya zuwa bayan gida, ni da na rasa gona da gari da suna, ba ni take kira ba. Kai take kira.

Da jikin ya yi tsanani ta ce, "Rufa'i, aika ma Waliyyu ya taho. Ina son in taɓa huskatai." Na ce to.

A cikin makon da ta faɗi haka Garba ya zo Jega. Na gan shi a tasha da idona, ya gan ni, ya tsallako ya gaishe ni, ya ce ko akwai saƙo, yana da lambar da ake samun ka a can ƙasar waje. Na ce babu.

Na dawo gida na zauna kusa da ita. Ta ce, "Ka aika?" Na ce na aika. Ta ce, "Mi ya ce?" Na ce, ya ce aiki ya yi masa yawa, ba shi da lokaci, a yi haƙuri.

Ba don in nemi gafararka nake gaya maka ba. Ina so ne ka san abin da ya biyo baya. Na shirya za ta ce ƙarya nake. Na shirya za ta ce ɗanta ba zai faɗi haka ba, a sake aikawa, a kira mata shi ta ji da kunnenta. Da ta ce haka, wallahi da na tashi na koma Jega a ƙafa.

Ba ta ce ba. Sai ta ce, "Haka ne, za ya hwaɗi haka." Ta juya fuskarta bango. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga kai don ƙarar mota ba, ba ta ƙara ambaton sunanka ba, har Allah ya karɓi abinsa ranar wata Laraba da hantsi.

Mutanen Maiyama ne suka yi mata salla, mutanen da ba su san ta ba. Daga Aliero mutum ɗaya ya zo gaisuwa, Gudiya.

Ka nemi wata tsohuwar. Suna da yawa a nan, kuma duk ba su gani.

Rufa'i